Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Amer Ghalib: an sauke tuta, ina batun ƙuri'a?

Assalamu alaikum, Malam Amer.

Da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni Bahaushe ne mazaunin Detroit. Ba ni da ƙuri'a a garinku Hamtramck, da ke jihar Michigan ta Amurka, amma can nake yawan sallar Juma'a, can nake sayen naman halal a titin Conant, don haka abin da ya taɓa garin ya taɓa ni. Na zaɓi in yi maka magana a fili ne saboda labarin garinku ya isa wurin 'yan uwana a gida, amma rabinsa kawai ya isa. Sun ji an sauke tutar masu neman jinsinsu, sun yi ta turo mini saƙon barka a WhatsApp. Abin da ya biyo baya bai kai kunnensu ba.

Wa'adinka na magajin gari ya ƙare da ƙarewar 2025, na sani. Sai dai duk abin da zan ambata a zamaninka ya faru, kuma har gobe idan ka yi magana a masallatai da shagunan shayin garin nan ana saurare.

Bari in fara da abin da ba na jayayya a kansa. Gari ne ɗan ƙarami, kimanin murabba'in mil biyu, mutanensa 28,000 da 'yan kai, Detroit ta kewaye shi kusan ta ko'ina. Mutanen Poland ne suka cika shi a da, lokacin masana'antar mota ta Dodge, har Fafaroma John Paul na biyu ya ziyarce shi a 1987. Daga baya mutanen Yemen da Bangladesh da Bosniya suka shigo. A 2015 Musulmi suka samu rinjaye a majalisar gari, a zaɓen Nuwamba 2021 kuma kujeru shida na kansiloli duk suka zama nasu, kai kuma ka kayar da magajiyar gari ta lokacin, Karen Majewski. Yaron da ya zo daga Yemen ya yi leburanci a masana'anta ya zama magajin gari. Wallahi mun yi alfahari da kai.

A ranar 13 ga Yuni 2023 majalisarku ta amince, ba wanda ya ƙi, da ƙudurin da kansila Mohammed Hassan ya gabatar: ba za a ƙara ɗaga tutar addini, ko ta ƙabila, ko ta siyasa, ko ta masu neman jinsinsu a kan sandunan gwamnatin gari ba. An bar ta Amurka, da ta jihar Michigan, da ta garin, da ta fursunonin yaƙi, da ta ƙasashen da mazauna garin suka fito. A takarda an ce ba ruwan gwamnati da kowa. A zahiri kowa ya san tutar da ake nufi, mai launin bakan gizo, wadda aka ɗaga a 2021 bayan kansiloli sun yi kunnen doki, Majewski ta raba gardama. A Satumba 2025 alƙalin kotun tarayya David Lawson ya ce ƙudurin bai saɓa wa tsarin mulki ba. Kun yi nasara a kotu. Ni ma ban ga dole a kan kowace ƙaramar hukuma ta ɗaga tutar wata ƙungiya ba, kuma matsayin addinina a kan luwaɗi da maɗigo ba ɓoyayye ba ne. Ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya hana ni sakat shi ne mudu biyu da majalisarku ta auna da su.

A watan Yuli 2023, mutum biyu daga cikin kwamitin hulɗar jama'a na garin suka je titin Joseph Campau suka ɗaga tutar nan a kan sandar gwamnati. Sun karya ƙuduri, babu musu. Cikin 'yan kwanaki majalisa ta zauna ta tsige su. Ba a ce a jira bincike ba, ba a ce a yi musu uzuri ba. Doka doka ce, aka ce.

To, a 2025 wani mai bincike da garin da kansa ya ɗauka ya kawo rahoto cewa biyu daga cikin kansiloli ba a Hamtramck suke zaune ba, ɗaya a Troy, ɗaya a Warren, alhali dokar gari ta ce dole kansila ya zama mazaunin garin. Su sun musanta, wannan haƙƙinsu ne. Amma majalisar da ba ta iya haƙurin mako guda a kan ƙyalle ba, a nan sai ta samu haƙuri mai yawa, ta bar su a kan kujerunsu. A watan Agusta na shekarar kuma aka gurfanar da waɗansu kansiloli biyu bisa zargin maguɗi a ƙuri'ar da ake kaɗawa daga gida a zaɓen 2023, har da zargin sa hannun jabu a takardar neman ƙuri'a. Wanda ya gabatar da ƙudurin tuta yana cikinsu. Tuhuma ba hukunci ba ce, ni kuma ba alƙali ba ne, ban ce kowa ya aikata ba. Tambayata ita ce, ina zafin nan na 2023 ya shiga? Ina cikar zauren majalisa, ina kabbara, ina jawabai a kan tarbiyyar 'ya'yanmu? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mai karatu a gida zai fi gane nauyin zargin idan ya san yadda ƙuri'ar take. A Michigan mutum na iya cika takarda ya sa hannu, a aiko masa da ƙuri'arsa gida, ya cike ta a kan teburinsa, ya rufe a ambulan, ya sake sa hannu, ya jefa a akwati. An yi haka ne don sauƙaƙa wa tsoho da marar lafiya da mai aikin dare. Yanzu ka ɗauki tsohuwar da ba ta daɗe da samun takardar zama 'yar ƙasa ba, ba ta karanta Turanci, wani da take gani a unguwa ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce, "Inna, kawo in taimaka miki." Ba ta da hanyar sanin abin da aka cike da sunanta. Idan irin wannan ta faru, ba masu tutar bakan gizo aka cuta ba. Iyayenmu aka cuta, waɗanda suka yarda da mu saboda sun gan mu a sahun gaba. Kuma a garin da zaɓen magajin gari na Nuwamba 2025 ya ƙare da ratar da ba ta kai ƙuri'a 20 ba, aka kuma tarar da ƙuri'u 37 a ofishin magatakarda ba a ƙirga su ba, ambulan ɗaya ba abin wasa ba ne.

Akwai wani abu da ya kamata mu ji kunyarsa. Babbar lauyar jihar, Dana Nessel, ba ta ɓoye cewa mace take aure ba, ta kuma soki ƙudurinku a bainar jama'a. Da zargin maguɗin ya zo teburinta, sai ta janye hannu ta nemi a ba wani mai gabatar da ƙara, don kada a ce ramuwa take yi. Daga ƙaramar hukumar Monroe aka samo wanda ya shigar da ƙarar. Ka so ta ko ka ƙi ta, ta san ba a zama alƙali a shari'ar da kake da ruwa da tsaki a ciki. Kansilolinmu kuwa su suka zauna suka yanke wa abokan zamansu hukuncin zama a kujera.

Sannan akwai bashi. A 2004, da masallacin Al-Islah ya nemi izinin kiran salla da lasifika, Musulmi ba su da rinjayen da za su ba kansu komai. An yi ta ce-ce-ku-ce, 'yan jarida suka cika gari, masu adawa suka kai maganar har akwatin zaɓe. Waɗanda suka tsaya mana har aka yi nasara akasarinsu ba Musulmi ba ne, Majewski na cikinsu. Ba su yi imani da abin da ladan ke faɗa ba, sun dai yarda cewa garin namu ne mu ma. Shi ya sa da ta ce wa 'yan jarida a 2023 mutane na jin an ci amanarsu, ban iya yi mata dariya ba. Adalci ya sa in ƙara da cewa ba Musulmi ne suka ƙirƙiro wannan rikici ba: tun 2008 masu zaɓen garin, Kiristoci da Musulmi, suka soke wata dokar gari da ta hana nuna wa masu neman jinsinsu bambanci. Amma mai mulki ake tambaya, ku ne kuma kuka riƙe mulkin.

Bayan ƙudurinku an yi ta ba da rahoton yage tutoci a gidaje da shagunan mutane, wuraren da ƙudurin bai shafa ba ko kaɗan. Masu gidajen nan maƙwabta ne, suna biyan haraji, suna kwashe ƙanƙara a gaban gidansu kamar kowa. Malamanmu sun karantar da mu cewa Jibrilu bai gushe ba yana yi wa Manzon Allah (SAW) wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado, ban kuma ji an ce sai maƙwabcin da muka yarda da rayuwarsa ba. Ko ta fuskar lissafin duniya ma, dokar Elliott-Larsen ta Michigan, dokar hana nuna bambanci wadda aka faɗaɗa a Maris 2023 ta haɗa da masu neman jinsinsu, ita ce dai dokar da ta hana a kori ƙanwata daga aiki saboda hijabinta, ko a hana ni hayar gida saboda sunana. Mil kaɗan daga Hamtramck mu ne 'yan tsiraru.

Abin da nake roƙonka bai fi ƙarfinka ba. Ka fito ka faɗa, da Larabci da Turanci, a masallaci ba a Facebook kawai ba, cewa duk wanda ya taɓa ƙuri'ar wani ya ci amana, ko da ɗan garinku ne, ko da shi ya taya ka yaƙin neman zaɓe. Ka goyi bayan a cire binciken halin kansiloli daga hannun kansiloli, a ba wani kwamiti mai zaman kansa wanda za a buga rahotonsa kowa ya karanta. Ka nemi a samar da masu fassara na ofishin zaɓe, masu jin Larabci da Bangla, waɗanda ba yaran kowane ɗan takara ba ne, don tsofaffinmu su daina miƙa ambulan ga mai ƙwanƙwasa ƙofa. Ka kuma gaya wa samarinmu ƙarara cewa tutar da ke jikin gidan wani dukiyarsa ce, wanda ya yage ta 'yan sanda za su neme shi, kai kuma ba za ka je belinsa ba.

Idan ka amsa, zan fassara amsarka zuwa Hausa ba ragi ba ƙari, in tura wa waɗanda suka turo mini barka.

Wassalam,
Wani Bahaushe mazaunin Detroit