Tagwayen Lijadu sun riga wayar hannu zuwa

Malam edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, na rubuto ne a kan filinku na tsofaffin waƙoƙi na daren Lahadi. Ba ya wuce ni, ko da kaka ce, lokacin da gajiyar yankan gero ke kwantar da mutum tun bayan isha'i. Makon jiya mai gabatarwa, yaro mai ladabi da daɗin murya, ya ce wai matan Najeriya ba su shiga kiɗan zamani da ƙarfinsu ba sai da wayar hannu ta zo. Maganar ta tsaya mini a rai. Gari na wayewa na sa jikata ta zauna, ina faɗa tana rubutawa.

A 1977 kawuna ya tafi da ni unguwar Sabo ta Ibadan, ina taya shi ɗaurin huhun goro. Kusa da masaukinmu akwai wani tela Bayarabe mai garmaho, kuma akwai faifan da ba ya gajiya da shi. Kwana da kwanaki ina zaton mace ɗaya ce ke waƙar, sai ranar da ya miƙo mini kwalin faifan na ga mata biyu kamar an tsaga kara. Ya ce tagwaye ne, Taiwo da Kehinde Lijadu, kuma a nan Ibadan suka tashi. Muryar ɗaya na bin ta ɗayar, ba ka gane inda wannan ta tsaya waccan ta ɗauka. Ban ji Yarabanci sosai ba a lokacin, Turancin ma sai a hankali, amma in an sa faifan hannuna kan tsaya da igiya har sai kawu ya daka mini tsawa.

An haife su a 1948, kuma dangin Fela Kuti ne. Tun 1972 sun je Munik ta ƙasar Jamus lokacin wasannin Olamfik, suka yi waƙa tare da ƙungiyar makaɗin gangan nan na Ingila, Ginger Baker. Daga 1976 zuwa 1979 kuwa faifai huɗu suka fitar a jere ƙarƙashin tambarin Afrodisia na kamfanin Decca, shekara ɗaya faifai ɗaya: Danger, Mother Africa, Sunshine, sai Horizon Unlimited. Wani gwanin kiɗa, Biddy Wright, shi ya riƙe musu yawancin kayan kiɗan a farkon wannan aiki. A cikin faifansu za ka ji jita irin ta Turawa, ka ji kalangun Yarabawa yana magana, ka ji salon Jamaika, duk a tukunya ɗaya, kuma miyar ba ta lalace ba.

Wani abu da telan ya gaya mini har yau yana ba ni dariya. Mu a nan wadda ta fara fitowa ita ce Hassana, ita ce babba, magana ta ƙare. Su a wurinsu Kehinde da ta zo daga baya ita ce babba, wai ita ta aiki Taiwo ta je ta ɗanɗano mata duniya tukuna. Na gaya wa tagwayen ƙanena wannan, Usaina ta ce daga ranar ta zama Bayarabiya.

Abin da ya sa nake ganin girmansu ba daɗin murya ba ne kaɗai. Zamanin soja ne, kuɗin man fetur na ambaliya, manya na facaka, kuma fagen kiɗa na maza ne, daga mai kamfani har mai ganga. A haka mata biyu suka tsaya suna rubuta waƙarsu da kansu, suna taɓa masu mulki da masu handama, suna cewa rayuwar talaka ta yi ƙasa. Wanda ya san yadda ake kallon macen da ta hau dandamali a wancan lokaci, a Kudu ko a Arewa, ya san ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce.

Daga baya suka koma Amurka da zama, a birnin Niyok. Kehinde ta faɗi ta ji mummunan rauni a ƙashin baya, suka daɗe ba a jin ɗuriyarsu. Ta rasu a watan Nuwamban 2019 tana da shekara 71. Faifan nasu kuma, abin kunya a gare mu, kamfanonin Amurka ne suka tono su: Knitting Factory ya sake fitar da su wajen 2011 zuwa 2012, Numero Group kuma ya sake ɗaukar aikin a 2024.

Da jikata ta lalubo mini ɗaya daga waƙoƙinsu na 1979 a waya, kafin a yi nisa ta ce ai ta san wannan amshi, na mawaƙiyar zamanin nan Ayra Starr ne. Na ce a'a, 'yar nan, ita ce ta aro, kuma lokacin da aka rera shi ko mahaifinki ba a haifa ba. Ban ga laifinta ba. Mai tura waƙoƙi a kasuwarmu ta mako ba shi da su, ku kuma ba ku sa su ba, to a ina za ta ji?

Na san wani zai ce me ya haɗa tsoho da furfura da waƙar matan Yarabawa. To ya bar Ibadan ya dawo gida. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta yi shekaru tana kiɗan ƙwarya da matan da ke mata amshi, tana gaya wa mata su kama sana'a, har ta rasu a 2013. Kafin ita akwai Uwaliya Mai Amada a Kano. Matan ƙauyen nan sun haddace waƙoƙinsu a bukukuwa da gidajen suna, amma ka nemi kaset mai kyau ka gani, sai wanda rana ta gasa, murya na rawa. Tagwayen Lijadu sun samu wanda ya tono nasu daga ƙetare. Waɗannan namu ban ga mai zuwa daga Niyok dominsu ba.

Roƙona biyu ne. Mai gabatarwa ya gyara maganarsa a fili, ba abin kunya ba ne, ya kuma ware dare ɗaya ya sa tagwayen nan, ya faɗi sunan kowace da shekarar kowane faifai. Sannan ku buɗe ɗakin ajiyarku ku duba tsofaffin faifai da kaset na mawaƙa mata, a juye su a kwamfuta tun gara da ƙura ba su gama da su ba. Ina da kaset uku na amada a cikin adakar marigayiya uwargidana. In kuna so, duk ranar da mota za ta shiga Kano zan ba direba ya kawo muku, amma a dawo mini da su.

Na gode, a gaida mai gabatarwa.

Naku mai sauraro,
Tsohon ɗan fataucin goro,
daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.