A buɗe wa matasan Katsina ƙofar koyon aikin kwana-kwana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in ja hankalin Gwamnatin Jihar Katsina, da hukumar kashe gobara ta jiha, da ma'aikatar ilimi, a kan samari da 'yan mata 'yan shekara 14 zuwa 17 waɗanda ke da sha'awar koyon aikin kashe gobara, alhali shekarunsu ba su kai na ɗaukar aiki ba. Ni malamin sakandare ne a cikin birnin Katsina, kuma ɗalibaina sun sha tambaya ta inda za su je a koya masu wannan aiki a lokacin hutu, ko kuma wani tsohon ma'aikaci da zai riƙe su ya nuna masu hanya. A makarantarmu da unguwarmu babu wani tsari da zan tura su gare shi, saboda haka amsar da nake ba su ita ce su yi haƙuri har su gama makaranta, amsar da ni kaina ba ta gamsar da ni ba.

Dalilin rashin gamsuwata shi ne, waɗannan yara ba su jiran gama makaranta kafin su tunkari wuta. Duk wanda ya taɓa ganin gobara a lungunan cikin gari, daga Ƙofar Guga zuwa Ƙofar Marusa, ya san cewa kafin motar kwana-kwana ta taso daga ofis, ta ratsa cunkoso, ta sami lungun da za ta iya shiga, samarin unguwa sun riga sun isa wurin. Su ne ke tare kurar 'yan ga-ruwa su sauke jarkoki, su ne ke haura katanga, su ne ke ɓalle kwanon rufi, su ne kuma ke kutsawa ɗaki domin fito da katifa da akwati. Na ga yaro ɗan kimanin shekara 15, ba takalmi a ƙafarsa, yana tsaye cikin ruwan da ya malale a ƙasa, yana watsa bokiti a kan mitar lantarki da ke tartsatsi, manya kuwa suna daga baya suna sa masa albarka. Allah ne kawai ya tsare shi, domin ruwa yana ɗaukar lantarki, kuma abin da ya kamata a fara yi shi ne a yanke wutar gidan daga inda ta shigo. Zuciya da ƙarfin hali yaranmu suna da su, ilimin ne ba a ba su ba.

Abubuwan da ba su sani ba kuwa ba masu wahalar koyarwa ba ne. Wuta ba ta ci sai abubuwa uku sun haɗu, wato zafi, da abin ƙonewa, da iska, kuma duk wanda aka cire daga cikinsu wutar za ta mutu. Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da ya sa idan man gyaɗa ya kama a cikin kasko ake kashe murhu a rufe kaskon da murfi, ba a zuba ruwa, domin ruwan zai tafasa nan take ya watsa man mai ci a fuskar wanda ya zuba. Zai gane cewa wutar fetur yashi ake zuba mata ko hodar tukunyar kashe gobara, saboda fetur yana tasowa ne a kan ruwa ya bi shi duk inda ya gangara. Zai san cewa idan aka ji warin gas a ɗakin girki, ba a kunna fitila ko a kashe ta, ba a ƙyasta ashana, sai dai a rufe kan tukunyar, a buɗe ƙofa da taga, a fita. Mafi muhimmanci, zai san cewa hayaƙi ya fi harshen wuta kisa, kuma wanda hayaƙi ya rutsa da shi rarrafe zai yi, domin iska mai ɗan dama tana ƙasa ne. Haka nan ƙuna: ruwa mai sanyi ake kwarara mata na kimanin minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba manja ko man goge baki ba, waɗanda har yau su ne abin da ake fara rarumowa a gidajenmu.

Ba mu manta da gobarar Babbar Kasuwar Katsina ta watan Maris na 2021 ba, wadda ta cinye ɗaruruwan shaguna, kuma a irin waɗannan shaguna akan sami yaran shago waɗanda su ne ke buɗewa da safe su rufe da yamma. Yaron da aka koya wa ya kashe kowace na'ura ya zare soket kafin ya sa kwaɗo a ƙofa, ya yi aikin da mota goma ba za su iya yi ba bayan wuta ta kama. Haka kuma mun ji abin da ya faru a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda tankar mai ta faɗi, jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. Tiririn fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a ƙasa yana bin kwata da rami, kuma tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Wannan darasi ne na rabin awa.

Wasu ƙasashe sun daɗe da gane amfanin kama matasa da wuri. A Jamus, inda mafi yawan 'yan kwana-kwana masu aikin sa kai ne, akwai ƙungiyar matasa ta ƙasa da aka kafa a 1964, wadda a yawancin jihohinsu take karɓar yaro tun yana shekara 10, kuma membobinta sun haura 250,000. A Amurka ma ƙungiyar 'yan kwana-kwana masu aikin sa kai ta ƙaddamar da shirin matasa na ƙasa a 2007. Amma ba sai mun je nesa ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ƙungiyoyin ɗalibai a makarantu, kuma muna da 'yan sikawut, da ƙungiyar agaji ta Red Cross, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini waɗanda kowa ke ganin yadda suke tsara sahu da kula da jama'a a filin Idi da wuraren tafsiri. Matasanmu sun saba da sa kaki da bin umarnin shugaba, abin da ya rage shi ne a ƙara masu wannan fanni.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma suna da gaskiya: wa zai yarda a jefa masa ɗa cikin wuta? Saboda haka wajibi ne a shata iyaka tun daga farko, a rubuta ta, uba ko waliyyi ya sa hannu. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai shekara 18 ba a matsayin yaro, kuma Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 182, wadda ta hana sa yara aiki mai haɗari. Don haka ɗan shekara 16 ba zai shiga gida mai ci ba, ba zai hau rufi ba, ba zai sauka rijiya ba. Zai koyi shimfiɗa mesar ruwa da naɗe ta, da ɗaure igiya, da kafa tsani, da amfani da tukunyar kashe gobara a fili a gaban malami, da agajin farko, da yadda ake kiran lambar gaggawa ta 112 ko lambar ofishin kwana-kwana a faɗi unguwa da kwatance ba tare da ruɗewa ba. A ranar gobara kuwa aikinsa shi ne ya janye ƙanana daga wurin, ya buɗe wa mota hanya, ya nuna wa direba lungun da ya fi kusa da kuma inda ruwa yake. A ganina wannan iyaka za ta rage yawan yaran da ke kutsawa cikin wuta ne, domin a yau babu mai hana su, kuma yaro ya fi jin hani daga bakin wanda ya koya masa aiki.

A nan ne batun jagora ya shigo, wanda shi ne ainihin abin da ɗalibaina ke nema. Yaron da aka kai gareji yakan daɗe yana miƙa sifana yana kallon hannun maigidansa kafin a bar shi ya kwance inji, kuma abin da yake ɗauka a wannan zama ba ya cikin littafi. Muna da ma'aikatan kashe gobara da suka yi ritaya suna zaune a Katsina da Daura da Funtua da Malumfashi da Dutsin-Ma, mutanen da suka san yadda hayaƙi ke sauya launi, da alamar da rufi ke nunawa kafin ya rufta, da dalilin da ya sa mutum biyu ko uku ke mutuwa a rijiya ɗaya idan kowa ya bi ɗan'uwansa ba tare da sanin cewa iskar ƙasan ta gurɓace ba. Irin waɗannan dattawa ne za su koya wa saurayi cewa akwai lokacin da ja da baya shi ne aikin, darasin da ya fi kowanne wuya ga mai shekara 17. Idan aka ba kowane ɗayansu yara kaɗan da ɗan alawus na mota, an amfana da iliminsa tun yana da sauran ƙarfi.

Kada a bar 'yan mata a baya, domin murhu da tukunyar gas da ƙanana duk a hannunsu suke, kuma jami'ai mata za su iya koyar da su a makarantunsu da islamiyyu. Haka nan manyan almajirai a tsangayu, inda ake hura wuta don karatun dare da jin ɗumi a lokacin hunturu.

Za a ce hukumar da ke neman ƙarin motoci da ruwa ina ta ga kuɗin koyar da yara, a jihar da ke da ƙananan hukumomi 34. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ba ina cewa shirin matasa ya maye gurbin mota ko rijiyar burtsatse ba. Sai dai abin da shirin ke buƙata bai wuce filin makaranta, da tsohuwar mesa, da 'yan tukwanen gwaji, da ranar Asabar ba. Akwai kuma wata riba da ba a cika lissafawa ba: a garuruwa da dama na ƙasar nan an sha jifar motar kwana-kwana saboda ta makara, kuma matasa ne ke jifar. Wanda ya zauna da ma'aikatan ya ga yadda tankin mota ke ƙarewa cikin mintuna kaɗan, da nisan da ake yi kafin a sake cika shi, da wuya ya ɗauki dutse, kuma zai hana abokansa.

Roƙona shi ne a fara gwaji a Katsina da Daura da Funtua a dogon hutun watan Agusta, domin a yaye rukunin farko kafin hunturu ya shigo, lokacin da iska ke bushewa, ake kwana da gawayi a ɗaki, ake kuma mantawa da hita a cikin bokiti. Duk wanda ya kammala a ba shi takardar shaida, a kuma yi la'akari da ita idan ya kai shekarun neman aiki a hukumar jiha ko ta tarayya. Makarantarmu a shirye take ta ba da fili da ɗalibai idan hukuma ta turo malamai.

Wassalam.

Wani malamin sakandare,
Ƙofar Ƙaura, Katsina.