Wasiƙa zuwa Houston: rigimar kartar daren Asabar

Assalamu alaikum mutumina,

Wata huɗu shiru, sai ga saƙonka ƙarfe biyun dare wai saura ƙiris a ba hammata iska a falonka saboda wasan kartar foka. Ko gaisuwa babu! To ya iyali, ya zafin Houston? Na ji daɗi da ka ce kwabban roba kawai kuke zubawa, wanda ya fara tsiyacewa shi ke wanke kwanuka. Ku tsaya nan. Ranar da dala ta hau teburin nan sunansa caca, ka kuma san abin da Baffa zai ce.

Laifin ba na mutumin da kake ta tsine wa ba ne. Ba ku yanke doka kafin a raba karta ba, sai da gardama ta tashi kowa ya zama alƙali, alhali kowa da kwabonsa a tsakiya. Rubuta dokokin a takarda guda, ka karanta kafin rabon farko. Hukunci na mai gida ne. In kana cikin zagayen da ake jayayya a kai, wanda ya riga ya ajiye kartarsa, wato ya fita daga zagayen, shi zai yanke.

Abin da ya haɗa ku sananne ne a Texas Hold'em, nau'in fokar da kuke yi: mutum ya tura kwabbai, ya saci kallon fuskar abokin karawarsa, sannan ya koma ya ƙaro. Turin farko kaɗai ake lissafawa, sauran a mayar masa. Maganin abin baki ne. Ya ce "na kai shi 600" kafin hannunsa ya motsa, kuma abin da baki ya furta ya zauna, babu "ai wasa nake". Haka in an zuba 100, wani ya jefa kwabo ɗaya na 500 bai ce uffan ba, to bi ya yi, wato 100 ɗin ya zuba ba ƙari ba, a ba shi canjin 400. Ƙari kuma ba ya gaza na baya: an zuba 100, wani ya kai 300, mai son ƙarawa sai 500 ko sama. Kada kowa ya watsa kwabbansa cikin tsibin tsakiya, don ba mai iya tantance nawa ya zuba. Ya ajiye a gabansa, mai rabo ya ƙirga ya tattara.

Mai azarɓaɓin magana kafin layi ya zo kansa, in ba wanda ya ƙara kafin a iso gare shi, maganarsa ta ɗaure shi. In an ƙara, yana da zaɓi sabo. Wanda ya jefar da karta kuwa ta tafi ke nan.

Af, Dogo yana gaishe ka. Ya ce kai da ba ka taɓa gama Whot ba tare da ɓoye karta a ƙarƙashin cinya ba, yau kai ne mai kafa doka. Allah mai iko.

In karta ɗaya ta buɗe wajen rabo, ban da biyun farko, a ci gaba. A ƙarshen rabon a musanya wa mai ita da ta saman fakitin, wadda ta buɗe kowa ya gan ta, ita ce za a jefar kafin a shimfiɗa ukun farko da ake buɗe wa kowa a tsakiyar tebur. In biyu suka buɗe, a cakuɗa a sake. Sayi fakiti biyu masu launi daban, ka ƙirga 52 kafin a fara. Sai inda masu gida suka fi rikicewa: mai 200 ya tura dukiyarsa duka, biyu masu yawa suka bi. Tsibin farko 600 ne, iyakar abin da zai iya ci ke nan. Duk abin da biyun suka ƙara a ware shi gefe nan take, in ka bari sai ƙarshe lissafi ya dagule.

Wanda ya ajiye karta ya kama bakinsa. An shimfiɗa bakwai biyu, ya dafe kai yana "wayyo bakwai ɗina", ya riga ya ɓata wa masu wasa. Wanda ya san shi ya ci ya buɗe kawai, jan rai wulaƙanci ne. In ka nuna wa na kusa da kai kartarka, kowa ma sai ya gani.

Baƙo in ya yi kuskure, gyara masa da dariya karon farko, na biyu doka ta hau kansa. Amma fa har ogan ofishinku, don in ka ɗaga masa ƙafa sau ɗaya takardar nan ta zama ta naɗe tsire.

Bikin Dogo an ɗaga shi zuwa bayan Sallah, wai ɗinkin kujeru bai kammala ba, mu dai mun san zancen. Kilishin da na aiko ya iso, ko jami'an filin jirgi sun ƙwace kamar yadda na gaya maka? Gai da madam da 'yan biyu.

Naka,
abokin cin mushenka