Roƙon Tallafi: 'Ya'yanmu Na Haddace Fiziks Ba Tare da Ganin Gwaji Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye, tsofaffin ɗalibai da sauran 'yan'uwa masu son alheri, kwamitin iyaye da malamai na makarantarmu ne ke sallama, kuma ƙoƙon bara muka riƙo.

Makon jiya wasunmu sun leƙa ɗakin gwaje-gwaje ana tsakiyar darasin Fiziks. Ammita, wato na'urar auna gudanar wutar lantarki, ɗaya ce ta rage, ita ma allurarta ta maƙale, sai an ɗan ƙwanƙwasa ta take motsi. Batura sun yi ruwa sun cinye wayoyi. Malam ya zana batir da waya da ƙwan fitila a allo, ya ce wa yara su ƙaddara ƙwan ya kama. Su ƙaddara! Yaran nan kuwa jarrabawar kammala sakandare na tafe, kuma akwai takardar gwaji a cikinta.

Malamin da kansa ya nemo mafita. Akwai manhajojin kwaikwayon gwaji a intanet da ake kira PhET, na Jami'ar Colorado da ke Amurka. Carl Wieman, wanda ya ci kyautar Nobel ta Fiziks a 2001, shi ya kafa shirin a 2002. Kyauta ne, kuma in an sauke su a kwamfuta suna aiki ko babu data. Yaro zai haɗa waya da batir da hannunsa, ya ƙara ƙarfin batir ya ga ƙwan ya ƙara haske. In ya yi gangancin haɗa bakin batir da bakinsa, wuta ta tashi a fuskar kwamfuta, ba wanda ya ƙone.

Mun ga ya nuna musu gwajin lilo a wayarsa, aji guda sun yi masa cincirindo, na baya suna ɗage. Zare mai tsawon mita ɗaya, je-ka-dawo kusan daƙiƙa 2. Sai ya mayar da lilon duniyar wata, inda ƙarfin jan ƙasa yake 1.6 maimakon 9.8 na nan, lilon ya koma tafiyar hawainiya, kusan daƙiƙa 5. Wata yarinya ta ce, "Malam, ashe abin da lissafin yake nufi ke nan?" Wallahi sai da jikinmu ya yi sanyi.

Ba mu ce kwamfuta za ta maye gurbin kayan gwaji na gaske ba. Hannu sai ya taɓa waya kafin ya saba. Amma da babu gara ba daɗi.

Abin da muke nema: 'yan kwamfutoci, majigi ɗaya, da sola mai riƙe su tsawon darasi. Lissafin kuɗin yana wurin ma'aji ga mai son dubawa.

Ba za mu manta da wata baiwar Allah ba, wadda bara ta kawo kwamfutar ɗanta naɗe cikin zane, ta roƙi kada a ambaci sunanta. Har yau kwamfutar nan ce kaɗai ke aiki, Allah ya saka mata da Aljanna. Amma a taron neman tallafin da aka yi, hannuwa nawa aka ɗaga? An yi alkawura, an yi tafi, aka watse. Wasu mun kira har kunya ta kama mu, mu masu bin bashin. Alkawari kaya ne, 'yan'uwa. Wani kuma ya aiko da kwamfutoci a kwali, muka yi ta godiya, da aka jona ko ɗaya ba ta tashi ba.

Tsofaffin ɗalibai, ku da kuka zama injiniyoyi da likitoci, a kan waɗannan bencina kuka zauna. Annabi (SAW) ya lissafa ilimi mai amfani cikin abubuwa uku da ladansu ke bin bawa har kabari. Kome ƙanƙantar abin da ya sawwaƙa, a miƙa wa ma'aji ko sakataren kwamiti a ofishin makaranta, za a ba da rasit. Mai kawo kwamfuta kuma, don Allah ya kunna ta a gida tukuna, ya haɗo da cajarta.

Wassalam,
Kwamitin Iyaye da Malamai