Hanta da dankali

Mutumina, assalamu alaikum.

Tun bikin ƙanwarka ban ji ɗuriyarka ba, ko sanyin Ingila ne ya daskarar maka da yatsu? Ya iyali, ya karatu? Hajiya kullum sai ta tambaye ni kai, ni kuma na rasa me zan ce mata.

Wani abu ne ya faru a aji ya hana ni sakat, kai kaɗai na san zan faɗa wa ka gane. Ranar Talata na yi wa ƴan aji biyar firaktikal, na biya wajen mahauci na sayo ɗanyar hanta, na haɗo da dankalin turawa, na yayyanka na zuba musu ruwan wanke ciwon nan na kemis, haidirojin ferokzaid. Hantar nan ta taso da kumfa fuuu har ta malalo kan tebur, dankalin ma ya yi tasa kumfar amma a hankali, wanda na dafa kuwa ko motsi bai yi ba. Sai wata yarinya can baya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, Malam ya aka yi saniya da dankali suke da abu ɗaya a cikinsu? Na ce mata sunansa katalas, enzayim ne, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai a jiki, mai farfasa wannan gubar ta koma ruwa da oksijin. Ta ce ta ji sunan, ita tambayarta daga ina su biyun suka samo shi.

Wallahi kwana uku ina kan wannan tambayar, data ta ƙare na sake saye. Ashe ba katalas kaɗai ba ne. Yadda jikinka ke farfasa gulukos a matakai 10, haka gero ke yi, haka yis ɗin burodi, da enzayim iri ɗaya a jere iri ɗaya. Wanda ya fi kama ni shi ne saitokurom si, wani furotin da ke taimaka wa ƙwayar halitta samar da kuzari, namu amino asid (tubalan ginin furotin) 104 gare shi, kuma in aka ɗauko na alkama aka haɗa shi da enzayim ɗin mutum a kwalbar gwaji aiki suke yi tare ba gardama. Alkama fa! Bayanin masana shi ne gado ne, tsirrai da dabbobi duk daga ƙwayar halitta guda suka rabu sama da shekara biliyan ɗaya da rabi, kuma abin da rai ya dogara da shi ba ya jure canji, wanda nasa ya lalace ba ya barin baya, shi ya sa suka iso yau kusan yadda suke.

Kai ma ashe kana zaune a garin tarihi ba ka taɓa faɗa min ba. A Shefil ɗinku Hans Krebs ya gano zagayen nan na fitar da kuzari daga abinci da ya wahalar da ku a jarabawa, a 1937, kuma da tsokar ƙirjin tattabara ya yi gwajin. Da ya san irin ɗakin tattabarun da ka tara a bayan gidanku ai da kai zai ɗauka yaron aiki.

Zagayen kuwa a cikin maitokondiriya, wato injin kuzarin ƙwayar halitta, yake gudana, namu da na dankalin duka, ita kuma asalinta bakteriya ce da ta shige cikin wata ƙwayar ta zauna, har yau tana da ɗan DNA nata. Wata masaniya Lynn Margulis ta kafe a kan haka a 1967 bayan mujallu da yawa sun ƙi buga mata takardar. Na san za ka tuno musun da muke yi a makaranta har a kira magariba, ni dai da na karanta sai na ji tsigar jikina ta tashi, ban ga abin da ya rage wa ikon Allah a ciki ba.

Jiya ma ina kallon Goggo tana zuba tsiron shinkafa a kunun zaƙi ya tsinke ya yi zaƙi, na ce mata dangin abin da ke cikin miyaunta ne ke wannan aikin, wato amilas mai mayar da sitaci sukari. Ta ce in tashi mata daga kicin kar in ɓata mata kunu.

Af, mutumin naka ya ƙara aure, an ɗaura ranar Juma'a, kuma har yanzu bai biya ni kuɗin babur ɗin ba. Ruwa ya sauka sosai bana, gonar Baba ta yi kyau sai dai taki ya yi tsada.

In ka bi ta jami'ar Shefil don Allah ka ɗauko min hoton duk inda aka sa sunan Krebs, ina so in nuna wa yarinyar nan. Ka gaida madam da yara, kuma ka kira Hajiya.

Naka har kullum.