Bizar L-1 Ta Amurka Ta Kamfani Ce, A Kiyayi Dillalai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi bayani kan bizar L-1 ta Amurka, domin dillalan biza suna tallata ta ga 'yan kasuwarmu kamar hajar da ake saye a kanti, mutane suna zuba dukiyarsu a rijiya gaba dubu.

Tun 1970 Amurka ta samar da wannan biza domin kamfanin da ke da ofis a can da kuma wata ƙasa ya iya ɗauke ma'aikacinsa ya mayar da shi Amurka na wani lokaci. Kamfanin ne ke shigar da fom I-129 a hukumar USCIS, mai kula da harkokin shige da fice ta Amurka. Sai an amince ma'aikacin zai cike fom ɗin neman biza DS-160, ya je ganawa a ofishin jakadanci na Abuja ko na Legas. Dole ya yi wa kamfanin aiki na shekara ɗaya cur a wajen Amurka cikin shekaru uku da suka gabata, kuma dole ofisoshin biyu su kasance tsatso ɗaya ta fuskar mallaka: uwar kamfani, reshe, ko kamfanonin da mai su ɗaya ne. Abokin ciniki da kake sayen kaya a wurinsa ba ya cikin lissafi.

Kashi biyu ce. L-1A ta manajoji da shugabanni, iyakarta shekara 7. L-1B ta masu ilimi na musamman kan kaya ko tsarin aikin kamfanin, iyakarta shekara 5. Ana fara ba da shekara 3, sannan a riƙa ƙara biyu-biyu. In wa'adin ya cika sai mutum ya yi shekara guda a waje kafin ya sake nema.

Inda aka fi zamewa shi ne batun sabon ofis. Dillali zai ce ka yi rajistar kamfani a Amurka kawai, shi ke nan. Gaskiya doka ta yarda a buɗe sabon ofis, amma shekara 1 tak ake bayarwa, kuma sai an nuna takardar hayar wuri na zahiri, da kuɗin gudanarwa, da tsarin ɗaukar ma'aikata. Ranar sabuntawa za su duba takardun albashi da na haraji da jadawalin wa ke ƙarƙashin wa. Idan suka ga mai sunan manaja shi ke ɗaga waya, shi ke rubuta rasit, shi ke ɗaure kwali, sai su ce ma'aikaci ne kawai, su ƙi. Haka kuma idan shagon gida ya rufe bayan maigida ya tafi, bizar ta rasa madogara, domin dole kamfanin waje ya ci gaba da kasuwanci duk tsawon zaman. Wanda aka kama da takardar bogi kuwa, ana iya haramta masa shiga Amurka har abada.

Wani abin da ke rikita jama'a: hatimin biza a fasfo na shiga ne kawai, takardar I-94, wato shaidar shigarka ƙasar, ita ce ke nuna ranar da zamanka zai ƙare. Wannan ya ƙara muhimmanci tun Yulin 2025, lokacin da Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga ɗaya mai wata uku. Wanda ya zo gida ganin iyaye zai iya tarar da sai ya sake bin layin ganawa kafin ya koma bakin aiki.

Mata ko mijin mai L-1 na samun bizar iyali ta L-2 da izinin yin aiki. 'Ya'yan da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba za su yi karatu, amma ban da aiki. Idan aikin ya ƙare kafin wa'adi, mafi yawan abin da ake ba iyali shi ne kwana 60 su sauya zuwa wani nau'in izinin zama ko su tattara su fita, kuma ba a ɗaukar L-1 a kai wa wani kamfani.

Ina roƙon jaridarku ta gayyato lauyan shige da fice ya amsa tambayoyin masu karatu a kan wannan batu.

Mai karatunku,
daga Kano