Kada ka kwashe kuɗin Baffanka a tashi ɗaya

Assalamu alaikum ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah Ya jiƙan Baffanka, Ya kyautata namu zuwan.

Gwaggonka ta shaida mini wai ka yi wa mutanen gidan Baffa alkawarin za ka kwashe kuɗin asusun ritayarsa na Amurka gaba ɗaya, ka turo Kano a yi rabon gado kafin Sallah. Ban ji daga bakinka ba, kuma wannan ma ya ɓata mini rai. Idan gaskiya ne, ka dakata har ka gama karanta takardar nan.

Asusun IRA irin na Baffanka, wato asusun ajiyar kuɗin ritaya, galibi kuɗi ne da ba a taɓa biya wa haraji ba. Gwamnatin Amurka ta ɗaga masa ƙafa ne zuwa ranar cira, kuma mutuwa ba ta goge wannan bashi. Abin da ya cira da ransa zai shiga takardar harajinsa ta ƙarshe. Abin da aka cira bayan rasuwarsa kuwa, duk dala ɗaya a kan wanda ya karɓa take, a shekarar da ya karɓa, tamkar albashi. Sunanka kaɗai ya rubuta a fom ɗin magaji, don haka hukumar harajin Amurka, IRS, ba ta san Hajiya ba, ba ta san 'ya'yansa ba. Kai ta sani.

Yi lissafi da kanka. A ce asusun dala 200,000 ne, albashinka 70,000, kuma kai kaɗai kake cike takardar harajinka, ba haɗe da matarka ba. Ka cire duka a shekara guda, kuɗin shigarka ya zama 270,000, saman kuɗin ya faɗa harajin kashi 32 zuwa 35 cikin ɗari. Ka riƙa cirar 20,000 duk shekara, kana nan a kashi 22. Ga na jiha a kai, idan jiharka tana karɓa. Abin da ke hana ni barci shi ne idan kuɗin IRA ne, kashi 10 kacal kamfanin da ke riƙe da asusun yake yankewa, sai dai in kai ka nemi ƙari. Za ka ga kuɗi sun shigo da yawa, ka turo su gida, a raba, wannan ya yi rufin ɗaki, wancan ya ƙara aure, sannan ranar 15 ga Afrilun baɗi a ce ka cika dubun-dubatar daloli. Wa zai maido maka? Ka san gidan nan kamar yadda na san shi.

Kuma babu gyara. Matar mamaci ce kaɗai doka ta yarda ta karɓi kuɗin a hannu ta mayar cikin kwana 60. Kai ba ka da wannan dama. Da zarar an rubuta ceki da sunanka, bakin alƙalami ya bushe. Idan za ka sauya kamfani, ka ce su tura kai tsaye daga kamfani zuwa kamfani, cikin asusun gado mai ɗauke da sunan Baffanka, da bayanin cewa don amfaninka aka buɗe shi. Kada ka gauraya shi da naka asusun ritayar, kada ka zuba ko sisi a ciki.

Na san ana cewa ni nake hana ruwa gudu, ina son ɗana ya danne haƙƙin marayu. Wallahi ba ni da ko ƙwandala a gadon nan, tunda ya bar 'ya'ya maza. Kuma ban ce dukiyarka ce ba. Rubutun fom bai soke rabon da Allah Ya yi ba, amana ce a hannunka. Amma kai ma da gangancinka: mutum mai shekara arba'in ya yi alkawarin kuɗi a waya, ana kuka, bai tambayi kowa ba? Kunyar Hajiya ce ta sa ka, na gane, sai dai kunya ba za ta biya maka haraji ba.

Ga yadda dokar take. Tun dokar da aka zartar a ƙarshen 2019, magaji irinka shekara goma yake da ita. Baffa ya rasu a 2025, ke nan ranar 31 ga Disamba 2035 dole asusun ya zama babu komai a ciki. Kuma da yake ya riga ya fara cirar dole ta shekara-shekara kafin ya rasu, kai ma sai ka cire wani mafi ƙarancin kaso kowace shekara, daga 2026. Ana ɗaukar abin da ke asusun ranar 31 ga Disambar bara, a raba da adadin da ke jadawalin IRS. Ga mai shekara 40 adadin 45.7 ne, kuma duk shekara ana rage masa ɗaya. A misalinmu wajen dala 4,376 ke nan. Wannan mafi ƙaranci ne fa, kada ka tsaya a kansa har shekara ta goma ta same ka da tulin kuɗi, don matsalar da nake guje maka ce za ta dawo. Ka kuma tambayi kamfanin ko Baffa ya cire nasa kason na 2025. In bai gama ba, ragowar a wuyanka take, ka cire kafin ƙarshen 2026. Wanda ya tsallake cirar dole, tarar kashi 25 ce a kan abin da bai cira ba, tana sauka zuwa 10 idan ya gyara cikin shekara biyu, kuma a fom 5329 ake bayyanawa.

Duk shekarar da ka cira, kamfanin zai aiko maka fom 1099-R zuwa ƙarshen Janairu, ya aika wa IRS kwafi. Ka duba suna da lambar shaida, naka ne ya kamata su kasance, ba na Baffa ba. Akwati na 1 jimillar abin da aka cira, 2a abin da za a yi wa haraji, na 4 abin da aka riga aka yanke. Akwati na 7 shi za ka zuba wa ido: lamba 4 ake so, alamar gadon mamaci, ita ke kare ka daga tarar kashi 10 da ake ɗora wa wanda bai kai shekara 59 da rabi ba. Ka ga lamba 1, kira su su gyara. A fom 1040, wato takardar harajinka ta shekara, jimillar tana layin 4a, mai harajin 4b, abin da aka yanke 25b. Ka manta ka saka, kwamfutarsu za ta haɗa lissafi, wasiƙar neman cikon haraji, CP2000, ta biyo ka da kuɗin ruwa.

Ka binciki tsofaffin takardun Baffa ko akwai fom 8606. In akwai, mai yiwuwa wani ɓangaren kuɗin ya riga ya biya masa haraji, kuma ba kamfanin ne zai tuna maka ba. Kafin kowace cira ka cike W-4R, ka sa a yanke kashi 22 ko 24 tun daga tushe.

Abin da ya rage bayan haraji shi za ka turo a raba. A wurin IRS kyauta ce kake yi. In ta wuce dala 19,000 ga mutum ɗaya a shekara sai ka cike fom 709, yawanci ba tare da biyan komai ba. Duk wanda ya ce kai ka ƙirƙiro harajin, ka gaya masa da sunansa Baffa ya rubuta, kashi 30 za a yanke masa kafin kuɗin su baro Amurka, don babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Najeriya.

Ka samu akanta mai lasisi a can ya rubuta maka tsarin cira na shekarun nan, ka turo mini. Ni zan kai wa malam da Hajiya, a karanta a gaban kowa, a sa hannu cewa haraji ake fara cirewa. Surutun da zai biyo baya ka bar mini shi, na fi ka ƙwarin fuska. Ka kira ni ranar Juma'a bayan masallaci, kafin ka taɓa komai.

Mahaifiyarka tana gaishe ka da yaran. Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifinka